Bashin Kalangu

A shagon ɗinkin mahaifina da ke kusa da tashar mota a Sule Tankarkar na fara sanin cewa mutane suna iya shafe shekara ashirin suna gardama a kan abu guda, ba wanda ya gaji, ba kuma wanda ya sallama. Shagon ɗaki ne guda na ƙasa, da keken ɗinki na ƙafa a bakin ƙofa, da benci biyu a ƙarƙashin darbejiya. Da an idar da sallar la'asar sai dattawa su hallara. Ni kuwa aikina a lokacin shi ne zura zare a allura da zuba gawayi a dutsen guga, sai kuma kasa kunne, wanda ba wanda ya sa ni.

Gardamar a kan Alhaji Mamman Shata take. Babu mai musun girmansa a cikinsu, domin da akwai, da tuni ya nemi wata majalisar. Abin da ya raba su shi ne inda ake samun Shatan na gaskiya.

Baba yana cewa wanda bai ga Shata a fage ba, labarinsa kawai ya ji. Ya gan shi sau uku a Kano, zamanin da yake zuwa cin rani yana koyon ɗinki a Fagge, kuma waɗannan darare uku ya riƙe su kamar yadda wani yake riƙe takardar gona. Yakan kwatanta mana yadda mawaƙin yake tsayawa yana bin taro da ido, ya hango mutum yana shigowa, kafin mutumin ya sami wurin zama ya riga ya shiga cikin waƙa. Yakan ce makaɗan ba sa kallon kalangansu, fuskar maigidansu suke kallo, da ya ɗaga hannu kiɗan ya juya. Hujjarsa kullum karin maganar nan ce, wai waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma a wurinsa bakin akwatin rakoda ba bakin mai ita ba ne.

Kawu, ƙanin Inna, direban babbar mota ne, mai ɗaukar shanu daga kasuwar Maigatari duk Alhamis zuwa Kudu. Yana da akwatin ƙarfe cike da kaset, kowanne ya rubuta masa suna da jar biro. Shi a ganinsa fage hayaniya ce: ƙura, da ihun maroƙa, da masu liƙi suna tare wa mutum gani, da lasifika mai ƙara. Ya ce a kaset ne mutum yake jin magana ɗaya bayan ɗaya, in ta wuce shi ya mayar da ita baya. Yakan dubi Baba ya ce, "Yaya, kai sau uku ka gan shi. Ni kuwa daga Maigatari har Legas tare muke tafiya, shekara da shekaru, bai taɓa barina na yi gyangyaɗi a kan sitiyari ba."

Na ukunsu tsohon hedimasta ne da ya yi ritaya, kowa Malam yake ce masa. Shi bai damu da fage ko kaset ba, damuwarsa lokaci ce. Ya fi son waƙoƙin da aka ɗauka a faifan garmaho, lokacin da murya take da kauri, numfashi yake da tsawo. Ra'ayinsa shi ne kowane mawaƙi kamar ɗan dambe yake, ya kamata ya kwance zare tun hannunsa yana da nauyi, kada ya jira ranar da yaro zai kai shi ƙasa a gaban mutanen da suka san shi da ƙarfi.

Abin dariya, dukkansu da Bakandamiya suke kafa hujja. Kawu yana da ita a kaset huɗu, kuma babu biyu da suka zo daidai: wata ta fi wata tsawo, wata ta ɗauko abin da wata ta bari. Baba ya ce wannan ya nuna waƙar a fage take rayuwa, kowane dare da irin tasa, kaset kuwa ɓawonta kawai yake kamawa. Kawu ya ce ba don kaset ba, wa zai ma san sun bambanta? Malam ya ce a jera su bisa shekaru, kowa ya ji da kunnensa wadda ta fi ƙarfi. Daga nan sai a kira magariba, a tashi, gobe a ɗora daga inda aka tsaya.

Ina da shekara goma sha ɗaya, a watan Yunin 1999, rediyo ya ba da sanarwar rasuwar Shata. Ina tsaye kusa da keken na ga ƙafar Baba ta tsaya a kan feda, allura tana cikin yadi. Aka ce a Daura za a yi masa sutura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. Majalisa ta yi shiru ranar. Can Kawu ya nisa ya ce, "To, yanzu dai kowa ya dawo kaset." Baba bai amsa ba. Ya zare yadin, ya rufe keken, ya tafi gida tun rana ba ta faɗi ba.

Da na shiga Jami'ar Bayero ina nazarin Hausa, sai na tarar malamai sun riga majalisarmu shiga zancen. Na ga cewa tun 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka, kuma a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba mawaƙin digirin girmamawa. Na karanta littafin tarihinsa, Shata Ikon Allah, wanda Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar a 2006. Na san an haife shi a Musawa a 1923, na san kuma kalangun da ya kai fadar sarakuna, har ya yi wa kumbon Afolo waƙa da shi, asalinsa kiɗan mahauta ne. Na dawo gida hutu da wannan ilimi ina jin ni ne zan raba gardamar dattawa. Suka saurare ni da haƙuri, suka sa mini albarka, suka ci gaba da gardamarsu.

A ƙasarmu ta Gumel akwai wani tsohon makaɗin kalangu da ƙungiyarsa, wanda ba zan kama sunansa ba saboda abin da zan faɗa a kansa. Bai taɓa shiga rediyo ba, bai kuma taɓa yin kaset ba. Amma fiye da shekara arba'in, daga Gagarawa zuwa Maigatari, daga Danzomo zuwa Jeke, da wuya a yi bikin da ya amsa sunansa ba tare da shi ba. Hanyar Shata ya bi, kamar yawancin masu kalangun zamaninsa, sai dai waƙoƙinsa nasa ne, na manoma da fatake da mahautan yankinmu. Sannu a hankali zamani ya juya masa baya. Manyan da ake ji a rediyo suka yi ta tafiya: Ɗanƙwairo tun 1991, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015. A ƙauyuka kuma masu kiɗan na'ura suka karɓe bukukuwa, yaro guda da kwamfuta da manyan lasifikoki ya wadatar, ba sai an ciyar da mutum takwas ba. Aka daina kiran tsohon, sai jefi-jefi.

A ƙarshen 2019 aka sa ranar aurena. Ina koyarwa a wata sakandare a Gumel, na yi tanadin abin da zan iya, na kuma riga na yi magana da wani mai kiɗan na'ura, domin abokaina na jami'a za su zo daga Kano da Dutse. Saura mako uku Baba ya kira ni shago bayan isha'i. Idonsa ya riga ya yi rauni a lokacin, ya daina karɓar ɗinkin mutane. Ya ce yana so tsohon makaɗin nan ya yi wasa a daren bikina.

Na yi shiru, sannan na faɗi abin da har yau nake jin nauyinsa. Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, mutumin nan muryarsa ta ƙare. Bara na gan shi a wani suna, yara dariya suke yi masa. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Ina da baƙi." Na ma ƙara da maganar Malam ta ɗan dambe, ina ganin na kawo hujja daga cikin gida. Baba ya daɗe yana murza wani guntun alli na ɗinki a hannunsa. Ya ce, "To, bikinka ne." Bai ƙara ko kalma ba.

Washegari Inna ta aiko a kira ni. Da yake ni ne ɗanta namiji na fari, ba ta kama sunana, ba ta kuma cika doguwar magana da ni ba, saboda haka da na ga ta shimfiɗa mini tabarma na san akwai magana. Ta ce, "Kai, ka san shekarar da aka kawo ni gidan nan?" Na ce 1984. Ta ce shekarar fari ce, gero bai yi ba, gwamnatin soja ta rufe iyaka ta kuma canza kuɗi, kasuwar Maigatari ta mutu murus, mutane daga Nijar suna ta kwararowa neman abin kai wa baka. Ta ce babanku ba shi da ko sisin da zai kira makaɗi, ya haƙura za a yi biki shiru kamar zaman makoki. Da daddare sai ga mutumin nan da yaransa a ƙafa, ba wanda ya gayyace su. Suka yi wasa har asuba, fura kawai suka sha. Da za su tafi babanku ya bi shi har bakin gari, ya ce masa in Allah ya ba shi ɗa namiji, ranar auren yaron shi zai yi wasa, kuma a ranar zai biya duka biyun. Ta dube ni ta gefen ido ta ce, "Shekara talatin da biyar yana ɗauke da wannan magana. Ni dai na faɗa maka. Tashi ka tafi."

Alkawari kaya ne, na sani, amma gaskiya ba tuba na yi nan take ba. Lissafi na yi. Na ce a ba tsohon sa'a guda bayan isha'i, ya yi abinsa dattawa su ji daɗi, sannan na'ura ta karɓa. Na koma na faɗa wa Baba, ya ce Allah ya yi albarka. A makonnin da suka rage na lura yana shiga shago da hantsi, lokacin da haske ya fi yawa, ya ja ƙofa. Ina jin ƙarar keken a hankali, tana tsayawa tana tashi. Ban tambaya ba.

Daren ya zo da sanyin hunturu. Wani ikon Allah, a wannan karon ma iyakar a rufe take tun watan Agusta, Kawu ya yi watanni motarsa ba ta samun lodi kamar da. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka jera kujerun roba, aka kunna janareto. Su bakwai suka zo a bayan wata a-kori-kura. Hudu tsofaffi ne tukuf, masu amshi, da rigunan da suka sha wanki. Uku matasa ne masu kalangu, babbansu ɗan tsohon makaɗin ƙungiyar ne, wanda ya rasu shekara biyu kafin nan, ya gaji kalangun uban. Shi kuwa maigidan sai da aka riƙe hannunsa ya sauko.

Ba zan yi wa mai karatu ƙarya ba, farkon wasan abin da na ji tsoro ne ya faru. Muryar ta dushe, in ya ja ta sama sai ta karye a hanya. Yakan fara ɗiyan waƙa ya rasa ƙarshensa, sai 'yan amshi su yi maza su rufe gurbin, kamar yadda ake tare wa tsoho hanya kada a ga ya yi tuntuɓe. Na hango abokaina suna kallon juna, ɗaya ya sunkuyar da kai yana danna waya. Malam yana kujerar gaba, ya haɗe hannuwa a kan sandarsa, fuskarsa tana cewa ai na faɗa. Na dubi agogo, saura minti arba'in.

Sai ya zo wata gaɓa da kiɗa ya kamata ya juya. Ya waiwaya hagunsa, inda babban makaɗinsa ya saba tsayawa shekara arba'in, ya kira shi da sunansa da ƙarfi, yana ba shi umarni kamar kullum. Sunan mamacin ya kira. Yaron da ke riƙe da kalangun ya daskare, makaɗin yana sama bai sauko kan fata ba. 'Yan amshi suka yi tsit. Ba a jin komai sai janareto. Na ga tsohon ya gane abin da ya yi, na ga leɓensa yana rawa, na ce a raina shi ke nan, yau ɗan damben Malam ya faɗi a ƙofar gidanmu.

Bai zauna ba. Ya miƙa hannu ya dafa kafaɗar yaron, ya sake kiran sunan uban, amma a wannan karon cikin waƙa, a ƙasa-ƙasa, inda muryarsa take iya zama ba ta karye ba. Yaron ya matse tsarkiya a hammatarsa, kalangun ya amsa da wani sauti mai kama da nishi. Daga nan tsohon ya bar waƙar da ya zo da ita. Ya shiga lissafa mutanen da suka zauna a wannan ƙofar gida a daren 1984, ɗaya bayan ɗaya: wanda ya kawo fitila, da wanda ya ara tabarma, da tsohuwar da ta dama furar, da kakana da ya ce a yi a hankali kada a tashi maƙwabta sannan ya fi kowa daɗewa a wurin. Duk wanda ya ambata sai ya tambayi taro ina yake, 'yan amshi su amsa cewa ya riga mu. Mafi yawan sunayen ban san su ba. Amma duk sunan da ya faɗa sai in ji wani a cikin duhu ya ce Allah ya jiƙansa, wani lokaci daga ɓangaren mata a cikin zaure, domin 'ya'yansu da jikokinsu ne zaune a wurin. Ban san sanda mutanen unguwa suka cika layin ba. Da ya gama da matattu sai ya juyo kan rayayyu, ya nuna Baba, ya nuna kansa, ya ƙirga su da yatsu, ba su cika hannu guda ba.

Baba ya tashi. Ban taɓa ganinsa ya shiga fage ba, ko a bikin 'yan'uwana mata. Ya ɗauko wani ƙunshi daga ƙarƙashin kujerarsa, ya warware, sai ga babbar riga fara. Shi da kansa ya zura wa tsohon ita, ya gyara masa kafaɗu kamar yadda yake yi wa masu karɓar ɗinkin sallah, ya sa masa wani abu a aljihu, ya yi masa magana a kunne. Ina kusa, na ga aikin wuyan rigar ya karkace, layukan ba su bi juna ba, ɗinkin mutumin da yake lalube ne. A da, Baba ba zai bari irin wannan riga ta fita daga shagonsa ba. Tsohon ya shafa wuyan rigar da tafin hannunsa, ya juya ga makaɗansa, kiɗa ya tashi. Mai na'ura ya zo ya raɗa mini cewa lokaci ya yi. Na ce ya jira. Bai kunna kayansa ba a daren nan, na dai biya shi kuɗinsa cif.

Kwana biyu bayan biki majalisa ta zauna, kuma wanda ya zaci daren ya raba gardama bai san dattawan nan ba. Malam ya ce abin ya taɓa shi, har ya share hawaye, amma tausayi daban, waƙa daban, kuma da mutumin ya ajiye tun shekara goma da suka wuce da bai kai ga kiran mamaci a gaban jama'a ba. Kawu ya karɓi wayar wani yaro da ya ɗauki wasan, ya kara a kunne, ya saurara har ƙarshe, ya ce shi dai abin da ya ji tsoho ne yana haki da ƙarar janareto, amma duk da haka a tura masa, domin wata rana wannan ɗin ne kawai zai rage. Aka juyo ga Baba. Ya ce shi ba shi da ta cewa, ya biya bashinsa.

Na kalli hoton bidiyon nan ya fi sau ashirin. Kawu bai yi ƙarya ba: muryar ba ta da daɗi, hoton duhu ne, wanda bai san kowa a wurin ba ba zai kai minti biyu yana kallo ba. Malam ma bai yi ƙarya ba, domin na ga abin da tsufa ya yi wa mutumin, kuma da sunan bai zo masa da waƙa ba da abin kunya ne za a yi ta faɗa. Amma ina wurin, na san abin da ya sauka a kan mutane lokacin da aka kira sunayen iyayensu, kuma na neme shi a cikin wayar ban same shi ba. Nan na fahimci abin da Baba ya kasa fahimtar da Kawu shekara da shekaru. Rabin wasan a wurin masu sauraro yake, su kuwa na'ura ba ta san abin da suka zo da shi a zuciya ba.

A 2021 abokin nan nawa da ya sunkuyar da kai yana danna waya ya kira ni daga Kano. Shi mai bin kiɗan Turawa ne. Ya ce akwai wata tsohuwar ƙungiya a Ingila, Rolling Stones, da aka kafa tun 1962, mai gangarsu Charlie Watts ya rasu yana da shekara tamanin, sauran kuma sun ɗauki wani sun ci gaba da yawon wasa. Ya ce masoyansu sun rabu, wasu suna cewa a tsaya haka a bar su da faifan da, wasu suna sayen tikiti domin ba su san ko wannan ne ganin ƙarshe ba. Ya yi dariya ya ce, "Ashe su ma suna da Malam da Kawu." Sannan ya ce tun daren bikina yake neman wanda zai gaya masa sunan mutanen da suka halarci auren iyayensa, bai samu ba.

Tsohon makaɗin bai sake wani wasa mai yawa ba bayan namu, ya rasu da damina ta biyu. Yaron da ya daskare da kalangu a hannu ya gaya mini cewa da farar rigar nan yake zuwa masallacin Juma'a har ƙarshen rayuwarsa. Baba yanzu ba ya gani sosai, keken yana rufe da tsohon zane, amma majalisa tana nan, ko da yake benci guda ya ishe ta. Kwanan baya na zauna kusa da shi na ce, "Baba, in kunna muku wasan daren nan ku ji?" Ya girgiza kai, ya ce in bar wa Kawu, shi yana wurin.